Giɓin Kujerar Mataimakin Shugaban Amurka

Kundin tsarin mulkin Amurka, wato dokar ƙoli da aka rubuta a 1787, bai tanadi hanyar cike gurbin mataimakin shugaban ƙasa ba, shi ya sa kujerar ta zauna babu kowa har sau 16 kafin 1967. Wannan sakaci ne babba, kuma hatsarinsa ya fito fili bayan kisan Shugaba John Kennedy a Nuwamban 1963, domin magajinsa Lyndon Johnson, wanda ya taɓa fama da bugun zuciya, ya shafe wata 14 yana mulki ba mataimaki, alhali mai bi masa a jerin magada shi ne kakakin majalisar wakilai, John McCormack, dattijo ɗan shekara 71.

Gyara na 25 ga kundin tsarin mulkin, wanda aka tabbatar a Fabrairun 1967, ya ba shugaba ikon gabatar da sunan wanda yake so ya cike gurbin mataimaki, sannan majalisun dokokin ƙasar biyu su amince da rinjayen ƙuri'u. Ta wannan hanya Gerald Ford ya gaji Spiro Agnew a kujerar mataimakin shugaba a 1973, kuma da Shugaba Richard Nixon ya yi murabus a Agustan 1974, Ford ya hau mulki ba tare da an zaɓe shi shugaba ko mataimaki ba.