Tarihin Majazi a Tafsirin Alƙur'ani

Majazi, a wajen malaman balaga, shi ne a yi amfani da kalma a wata ma'ana wadda ba dominta aka ajiye ta tun asali ba, saboda wata alaƙa da ke tsakanin ma'anonin biyu, tare da ƙarina, wato alama, da ke hana a ɗauki ma'anar farko. Kishiyarsa ita ce haƙiƙa. Masu tabbatar da shi a Alƙur'ani sukan kawo wannan ta'arifi kamar tun zamanin sahabbai yake a tsare, masu kore shi kuwa sukan ce ƙagaggen abu ne da magabata ba su sani ba. Ɓangarorin biyu suna cakuɗa zamani da zamani, shi ya sa ya kamata a jera tarihin daki-daki.

Kafin a sa masa suna

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da ayar azumi ta ambaci farin zare da baƙin zare, Adiyyu ɗan Hatimu ya ɗauki igiya fara da baƙa ya sa ƙarƙashin matashin kansa yana dubawa da dare. Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Ke nan an san irin wannan salo tun farko, sunan ne da ƙa'idodin suka zo daga baya.

Ƙarni na uku na Hijira

Littafin farko da ya ɗauki sunan shi ne Majazul Ƙur'an na Abu Ubaida Ma'amar ɗan Musanna, malamin lugga na Basra, wanda aka fi cewa ya rasu a 209 ko 210. Masu tarihi sun ce a 188, a majalisar Fadlu ɗan Rabi'u a Bagadaza, wani magatakarda ya tambaye shi yadda Suratus Saffati ta kamanta 'ya'yan itaciyar zaƙƙumu da kawunan shaiɗanu, alhali ba wanda ya taɓa ganinsu. Sai ya amsa cewa Allah ya yi wa Larabawa magana ne da salon da suka saba, ya kafa hujja da Imru'ul Ƙaisi da ya kamanta tsinin kibau da haƙoran dodo. An ce wannan tambaya ce ta sa ya ƙudurci rubuta littafin.

Sai dai duk wanda ya karanta littafin, musamman bugun da Fu'ad Sezgin ya tace aka fara fitarwa a Alƙahira a 1954 ta Miladiyya, zai ga cewa majazi a bakin Abu Ubaida yana nufin hanyar da magana ta bi ta isar da ma'ana. Fassarar baƙuwar kalma majazi ce a wurinsa, haka shafe kalma, haka sa tilo a gurbin jam'i, haka bayanin li'irabi. Don haka kuskure ne a lissafa shi a matsayin wanda ya raba magana gida biyu, haƙiƙa da majazi. Littafin dai ya samu karɓuwa, har Bukhari ya ɗebi fassarar kalmomi da yawa daga cikinsa ya sa a babin tafsiri na Sahihinsa.

Rabuwar ta fara bayyana sosai a rubuce-rubucen Jahizu, Bamu'utazilen Basra da ya rasu a 255, musamman a Kitabul Hayawan. Lokacin ya zo daidai da fitinar halittar Alƙur'ani da Halifa Ma'amun ya ɗora wa malamai a 218. Mu'utazilawa sun riƙi majazi suna yin tawilin ayoyin da suka ambaci hannu da fuska da daidaita a kan Al'arshi da ganin Allah a lahira. Daga nan mas'alar ta tashi daga zauren lugga ta shiga zauren aƙida, kuma wannan shi ne tushen duk zafin da ya biyo baya.

Mutumin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a wannan ƙarni shi ne Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276. A cikin Ta'awilu Mushkilil Ƙur'an ya yi yaƙi ta fuska biyu. Ta fuskar farko ya mayar da martani ga masu cewa majazi ƙarya ne, waɗanda ke kafa hujja da katangar Suratul Kahfi da aka jingina mata nufin faɗuwa, da alƙaryar Suratu Yusuf da aka ce a tambaye ta. Ya nuna cewa in haka ƙarya ce, to mafi yawan zancen mutane ya lalace, tunda kowa na jingina aiki ga itace da dutse da farashi. Ta fuska ta biyu ya ƙi yarda da masu cewa maganar Allah da Annabi Musa majazi ce, yana mai cewa Larabawa ba sa ƙarfafa fi'ili da masdari idan majazi suke nufi. Ya karɓi majazi, ya kuma kafa masa iyaka, alhali yana cikin Ahlul Hadisi. Wannan ya raunana da'awar cewa Mu'utazilawa kaɗai suka san shi a ƙarni na uku.

Masu korewa na farko

Zarkashi da Suyuɗi sun ambaci Zahiriyya da Ibnul Ƙassi Bashafi'e da Ibnu Khuwaiz Mindad Bamalike cikin masu kore majazi daga Alƙur'ani. Ana kuma jingina wa Abu Is'haƙa Isfirayini, wanda ya rasu a 418, kore shi daga harshen Larabci baki ɗaya, amma Juwaini da Gazali sun yi shakkar ingancin wannan jinginawa, kuma ra'ayinsu ya fi nauyi ganin kusancinsu da makarantarsa. A ɗaya gefen, Ibnu Jinni ya kai ga cewa mafi yawan harshe majazi ne.

Kammaluwar ginin

Sharif Radi, wanda ya rasu a 406, ya bi surori ɗaya bayan ɗaya yana fitar da isti'ara, wato aron kalma, a Talkhisul Bayan. Abdulƙahir Jurjani, wanda aka fi cewa ya rasu a 471, shi ya bambanta majazin da ke cikin kalma da wanda ke cikin jingina aiki, wato majazi na hankali, a Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijaz. Zamakhshari ya aiwatar da wannan a Kashshaf, wanda ya kammala a Makka a 528. Ahlus Sunna sun ƙi aƙidarsa ta Mu'utazilanci amma ba su iya rabuwa da balagarsa ba: Ibnul Munayyir ya bi shi da raddi, Baidawi da Nasafi suka tace littafin. Sakkaki da Ƙazwini suka mayar da fannin ƙa'idodin da ɗalibai ke hardacewa.

Ibnu Taimiyya da bayansa

Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya ce a Kitabul Iman raba magana zuwa haƙiƙa da majazi isɗilahi ne da ya zo bayan ƙarnuka uku na farko, kuma kalma ba ta da ma'ana sai cikin jimla. Ibnul Ƙayyim ya tsananta suka a Sawa'iƙul Mursala. Muhammadul Amin Shinƙiɗi, wanda ya rasu a 1393, ya farfaɗo da ra'ayin a Man'u Jawazil Majaz, da hujjar cewa ana iya kore kowane majazi, Alƙur'ani kuwa ba a kore komai a cikinsa. Abin da wasu ke kira majazi shi yana kiransa salo daga salailan Larabawa. Akan samu ɓangarorin biyu sun fassara aya iri ɗaya, saɓanin gaske yana kan ayoyin siffofin Allah.

A ƙasar Hausa

Balaga ta shigo zaurukan ƙasar Hausa ta hanyar Uƙudul Juman na Suyuɗi da Jauharul Maknun na Akhdari, dukansu a kan tafarkin masu tabbatar da majazi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a Diya'ut Ta'awili da ya kammala a 1231, ya bi wannan hanya yana ɗiba daga Baidawi da Jalalaini. Ra'ayin korewa ya ƙara ƙarfi ne a ƙarshen ƙarni na 20 na Miladiyya, ta hannun ɗaliban da suka yi karatu a Saudiyya.