Tarihin Awon Lafiyar Manya a Nijar, da Rabon Madawa, Buza da Keita

Tsofaffin Adar ba su taɓa ɗaukar mai yawo da takarda da alƙalami abokin arziki ba. A zamanin Faransa, in aka zo rubuta sunaye a gari, abin da ke biyo baya lanho ne, ko aikin dole, ko ɗaukar soja. Shi ya sa mai gida kan rage yawan iyalinsa a baki, ya kora wasu bisashensa daji kafin baƙi su iso. Da wannan gadon rashin yarda Nijar ta yi ƙidayarta ta farko a 1977, ta sake a 1988 da 2001 da 2012, inda aka samu mutum miliyan 17 da 'yan kai, fiye da miliyan 3 daga cikinsu a jihar Tawa. Sai dai ƙidaya yawan mutane kawai take faɗi, ba ruwanta da ciwon da ke jikinsu.

Binciken lafiya na ƙasa baki ɗaya ya soma ne a 1992, da wanda ake kira EDSN, bisa tallafin Amurka. An maimaita shi a 1998 da 2006 da 2012, biyun ƙarshen a hannun hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda aka kafa a 2004. Ana zama da mata masu shekara 15 zuwa 49, daga baya har da maza zuwa 59, amma akasarin tambayoyin kan haihuwa suke, da goyo, da rigakafi. Babu mai ganin laifin wannan, domin binciken 1992 ya nuna yaro 318 cikin 1,000 ba ya kai shekara biyar. Zuwa 2012 adadin ya sauko 127. A tsakani aka yi yunwar 2005, wadda ta jawo likitocin ƙungiyar agaji ta MSF Madawa da Buza, aka kuma soma kula da ƙananan yara kyauta a 2006. Babba kuwa, in an ɗebi jininsa, ƙarancin jini ake nema ko sida, wadda aka samu a jikin kashi 0.7 cikin ɗari a 2006, sannan 0.4 a 2012.

Sai a 2007 aka juyo kan manya don kansu. Ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya ta duniya, OMS, suka gudanar da binciken STEPS a kan masu shekara 15 zuwa 64. Aikin hawa uku ne. Da farko tambaya: kana shan sigari ko taunar taba, kwana nawa a mako kake cin ganye da 'ya'yan itace, wane irin aikin ƙarfi kake yi. Sannan awo. A zaunar da mutum ya huta, a ɗaura masa abin awon tansiyon a damtse har sau uku da 'yar tazara, a auna tsayinsa da nauyinsa da ƙugunsa. Na ƙarshe shi ne a ce ya kwana bai ci komai ba, washegari da sassafe, kafin kunu ko fura, a soki ɗan yatsa a duba suga. Sakamakon ya karya zancen da aka daɗe ana yi cewa hawan jini ciwon masu kuɗin Yamai ne: fiye da mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da shi, kuma da yawansu ba a taɓa auna su ba sai ranar.

A nan ne nake ganin an bar yankinmu a baya. Waɗannan binciken ba kowane gida suke shiga ba. Ana zaɓar wasu unguwanni da ƙauyuka ne ta hanyar ƙuri'a, kuma an tsara yawan gidajen don su ba da alƙaluman ƙasa, iyaka na jiha. Mai noman albasa a fadamar Madawa, wanda ke bakin kwalta kuma yake cin kasuwa da Najeriya, da matar da ke hawan duwatsun Buza da tulu, duk sun narke cikin lamba ɗaya mai suna Tawa. Shugaban likitocin gunduma ba zai iya buɗe rahoton ya ga rabon mutanensa ba, balle ya san yawan maganin da zai nema.

Ga kuma ci-rani. Binciken 2006 da na 2012 duk sun faɗo cikin rani da bazara, lokacin da ɗimbin mazajen Adar ke Kano ko Abijan ko Libiya. Ba sabon abu ba ne: ko da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse, saboda mazan ba sa gida. Wanda ya fi kusa da sigari da tiramol da abincin bakin titi, shi ne wanda mai tambaya ba ya tararwa.

Shekarun baya-bayan nan ma ba su zo da sauƙi ba. An yi EDSN a 2017, ba a fitar da sakamakon ba saboda shakku kan ingancin alƙaluman. A 2021 aka yi wani bincike kan haihuwa da mutuwar yara, wanda ya nuna yawan haihuwar mace ya sauko 6.2 daga 7.6, aka kuma yi STEPS na biyu, shekara 14 bayan na farko. A 2025 Amurka ta janye kuɗin da take ba shirin da ya haifi EDSN.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne likitocin garuruwa. Duk babban da ya taka cibiyar lafiya ta CSI a Madawa ko Buza ko Keita, ko da rakiyar yaro ya zo, a auna masa tansiyon a rubuta a rajista, a kuma ƙara himma da damina, lokacin da 'yan ci-rani suka dawo noma. Hukumomin gundumomin uku su nemi a riƙa ba su wannan lissafin duk ƙarshen shekara.