Kwari da Baka a Ƙasar Makoɗa

Gabatarwa

Ƙasar Makoɗa tana arewacin Kano, maƙwabciyar Ɗambatta da Kazaure. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Nan Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) ya yi ta fafatawa da Ɗantunku, wanda daga baya ya kafa Kazaure. Ta arewa kuma rundunar Damagaram ta riƙa ɓullowa, har aka gwabza a Tattarawa a 1898, zamanin Sarki Alu. Doki da sulke da lifidi kayan sarakuna ne da barorinsu. Talaka manomi kuwa, makaminsa kwari da baka. Wannan maƙala za ta duba yadda magabata suke zaɓen kayan da ke tafiya da baka, domin baka shi kaɗai sanda ne kawai.

Tsirkiya da kwari

Abu na farko da maharbi yake dubawa shi ne tsirkiya. Da fata ake yin ta, a yanka siriri, a murɗa, a shafe ta da mai. Babbar abokiyar gabarta laima ce, domin in ta jiƙa sai ta saki, kibiya ta rasa ƙarfi. Saboda haka mai hankali ba ya fita sai da ta ko-ta-kwana. Kwari kuwa aikin dukawa ne, kuma ana son mai murfi, saboda ruwa da kuma yaran gida, tunda abin da ke ciki ajali ne.

Kibiya

Kibiyar Bahaushe ba ta da gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa. Kyauro ake samowa miƙaƙƙe, busasshe, marar nauyi, sannan maƙeri ya ƙera kan ƙarfe mai kunnuwa, a soka a kyauron a ɗaure tam. Amfanin kunnuwan shi ne in ta shiga jiki ba ta zaruwa sai an tsaga nama. Irin wannan kibiya ba ta cin dogon zango, kuma lifidi yakan tare ta. Littafin Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji (1390-1410) aka shigo da lifidi da sulke. To, me ya sa barade suke shakkar 'yan baka? Amsar tana ga dafi.

Dafi

Tushen dafin kibiya a ƙasar Hausa shi ne 'ya'yan ƙwanƙwani. Akan dafa su har su yi kauri, a shafa a wuyan kibiya, a shanya. Kowane gidan maharba da nasa haɗin, kuma sirri ne da uba ke bar wa ɗa, tare da makarinsa. Dafin zuciya yake kamawa, don haka ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da doki, in doki ya faɗi kuwa, mai lifidi ba shi da sauran kataɓus. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto a 1804. Abin sha'awa, wani likita a Sikotilan mai suna Thomas Fraser ya bincika wani ɗan'uwan wannan tsiro da aka kai masa daga Afirka, kuma a 1885 ya bayyana amfaninsa wajen maganin ciwon zuciya.

Faɗuwar darajar baka

Damagaram ta tara bindigogi tun zamanin Sarki Tanimu, amma bindigar toka tana da jinkirin ɗuri, kafin a ɗura ta ɗan baka ya saki kibau da dama. Abin da ya karya baka shi ne zuwan Turawa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa, waɗanda ke kashe mutum tun kibiyarsa ba ta isa ba. Daga nan baka ya koma hannun mafarauta da masu tsaron dabbobi. Yawan jama'a kuma ya sa gonaki suka cinye dawa, namun daji suka ƙaura. Sarautar Sarkin Baka dai ta wanzu a garuruwa da dama.

Kammalawa

Kwari ɗaya yana ɗauke da aikin maƙeri da baduku da masanin itatuwa. Wanda ya je Gidan Makama a Kano zai ga makaman da, amma ƙarfe da fata ba sa magana. Masu bayanin su ne dattawan da suka gaji harbi, kuma kullum raguwa suke yi. Muna kira ga malaman makarantu na Makoɗa da Koguna da kewaye su tura ɗalibai wurin waɗannan dattawa, su rubuto sunan kowane kaya, da wanda yake yin sa, da inda ake samo shi. Sirrin dafi kuwa a bar wa masu shi. Allah Ya jiƙan magabata, amin.