Alkaki

Alkaki wani nau'in kayan zaƙi ne na gargajiyar Hausawa da ake yi da alkama, a soya, sannan a jiƙa shi a zuma ko ruwan sukari. An fi yin sa lokacin biki, suna da sallah.

Yadda ake yi

Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwa da yis ko nono mai tsami, a rufe ƙullun ya kwana. Washegari sai a mulmula shi, a lanƙwasa, a soya a wuta marar ƙarfi domin cikinsa ya soyu. Daga nan a tsoma shi a zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya. Idan bai sha zaƙin sosai ba, yakan yi tauri.

A al'ada

Alkaki na cikin kayan gara, tare da nakiya da dublan, waɗanda dangin amarya ke kaiwa gidan ango. Yakan daɗe bai lalace ba, shi ya sa ake rabawa dangi na nesa.

Alkama

A gabashin jihar Sakkwato, ana noman alkama da rani a fadamun kogin Rima, wajen Wurno da Goronyo, inda aka kammala madatsar ruwa a 1984.