Gajeren Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa

Gajeren wasan kwaikwayo shi ne wanda labarinsa ke kammala cikin fitowa ɗaya ko biyu, wani lokaci daga bakin mutum guda. Hausawa sun daɗe da saninsa: ɗan kama kan kwaikwayi malami shi kaɗai a bainar jama'a, yara kuma kan fara tashe daga goma ga watan azumi. Rediyo da talabijin suka faɗaɗa shi, inda Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, ya yi fice. Yau dandalin ya koma TikTok da YouTube, amma ma'aunin inganci bai sauya ba: hikimar zance, dacewar murya da hali, da darasin da ke saura bayan dariya ta lafa.