Dandalin Sesame: Su Wane ne ke Bayan 'Yan Tsanar da ke Koyar da Yara a Talabijin?

Dandalin Sesame shi ne sunan Hausa na shirin yara na Sesame Square, wanda gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya fara nunawa a watan Mayun 2011. Ana amfani da 'yan tsana masu magana, da zane mai motsi, da gajerun finafinai wajen koya wa ƙananan yara haruffa da ƙirga da tsabta da zaman tare. Cibiyar Sesame Workshop ta Amurka ce ta shirya shi tare da kamfanin Ileke Media na Nijeriya, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID. Yemisi Ilo ce ta shugabanci aikin. Daga baya aka mayar da shi Hausa, kuma tashar AREWA24 na cikin waɗanda suka nuna shi.

Asalin shirin

Tushensa shi ne Sesame Street, wanda aka fara nunawa a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett ne suka assasa shi, Jim Henson kuma ya kawo 'yan tsanar. Tun daga farko aka ɗora aikin a kan rukuni uku da ba su saba zama wuri ɗaya ba: masu shirya talabijin, da masana ilimin yara, da masu bincike. Gerald Lesser na Jami'ar Harvard ya jagoranci kwamitin masu ba da shawara kan manhaja, Edward Palmer ya riƙe sashen bincike. Wannan tsari ne ake bi a ƙasashen da suka yi nasu shirin, har da Afirka ta Kudu, inda Takalani Sesame ya fara a 2000.

Taurarin dandalin

Manyan 'yan tsanar shirin biyu ne. Zobi shuɗi ne mai gashi buzu-buzu, direban tasi, wanda ba shi da magana sai ta doya. Domin Nijeriya aka ƙirƙire shi. Kami yarinya ce 'yar shekara 5 mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ta fara fitowa a Afirka ta Kudu a 2002, sunanta kuma daga kalmar Kamogelo ta harshen Setswana yake, ma'ana karɓa. A 2003 asusun UNICEF ya naɗa ta gwarzuwar kare yara. An yi ta mai fara'a da son wasa da gangan, domin yara su ga cewa mai wannan cuta abokin wasa ne kamar kowa.

Rabon aiki

Masana ilimi ne ke fara zama. Su ke tsara abin da kowane kashi zai koyar: harafi kaza, lamba kaza, wanke hannu, kwana cikin gidan sauro, ko tura 'ya mace makaranta. Marubuta su karɓi darasin su mayar da shi ɗan labari mai ban dariya, domin yaro ba ya zama ya saurari wa'azi. Mawaƙa su sa masa waƙa mai sauƙin hadda. Masu zane su tsara dandalin da kayan cikinsa, wasunsu kuma su yi zane mai motsi na haruffa da lambobi.

Mai sarrafa 'yar tsana shi ne ɗan wasan da ba a gani. Yakan sa hannu cikinta ya ɗaga sama da kansa, ya ɓuya ƙasan inda kyamara ke ɗauka, yana kallon wani ƙaramin allo domin ya ga abin da mai kallo zai gani. Dole buɗe bakin ya dace da gaɓoɓin kalma, idanun kuma su fuskanci wanda ake yi wa magana. Wasu 'yan tsanar da siraran sanduna ake motsa hannayensu, wasu kuwa sai mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai da hannu guda, na biyu ya riƙe ɗaya hannun.

Masu bincike kan kai gwajin shirin wurin yara, su lura da inda hankalinsu ya tsaya da inda ya kau, sannan su yi musu tambayoyi. Abin da yara ba su gane ba, a koma a gyara shi. A shirin Hausa akwai ƙarin rukuni na masu fassara da masu ɗora murya. Aikinsu na da wuya, domin jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, bakin 'yar tsana kuwa an riga an ɗauke shi.

Borno da wasan 'yar tsana

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Borno. A 1935 mujallar Nigerian Field ta buga bayanin R. E. Ellison a kan wasan 'yar tsana na ƙasar Borno, wanda ake kira dogodogo. Mai wasan kan shige ƙarƙashin babbar riga da aka kafa kamar tanti, ya riƙa fito da 'yan tsanar ta sama, da ɗan abin busa a bakinsa mai sauya murya, abokan aikinsa na waje suna kiɗa suna bayyana wa jama'a abin da aka faɗa. A ƙasar Hausa ta Nijar ana kiran irinsu ɗiyan dabo. A jihar Binuwai kuma akwai Kwagh-hir na Tibi, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Sunan shirin ma sananne ne ga mutumin Maiduguri, inda Dandal ke nufin faffadan filin da ke gaban fadar Shehun Borno.

Muhimmancinsa ga Arewa maso Gabas

A watan Satumban 2017 UNICEF ta bayyana cewa fiye da kashi 57 cikin 100 na makarantun jihar Borno a rufe suke saboda rikicin Boko Haram, an kashe malamai sama da 2,295 tun daga 2009, an kuma rusa makarantu kusan 1,400 a yankin. Yaron da ya rasa aji yana iya fara sanin harafi da lamba ta irin wannan shiri, ko da yake ba zai maye gurbin malami ba.

Akwai kuma cikas guda biyu. Na farko, rashin wutar lantarki da akwatin talabijin a gidaje da yawa, musamman ga waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Na biyu, harshe: Hausa ta yaɗu a Maiduguri, amma yara da dama da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi suke tashi. Kai shirin gare su na buƙatar marubuta da masu murya da masu sarrafa 'yar tsana 'yan yankin, da haɗin kan tashoshi irin su BRTV da NTA Maiduguri, da sashen nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Maiduguri domin horar da ma'aikatan.