Tarihin Motocin Amurka a Hanyoyin Arewa

Motar Amurka ta shigo Arewacin Nijeriya sau biyu, kowace shigowa da dalilinta. Ta farko a zamanin mulkin Turawa ne, ta biyu kuwa bayan tattalin arzikin ƙasa ya karye. A duka biyun, hanya da kuɗi da sauƙin gyara ne suka yanke hukunci, ba kyan jiki ba.

Tushen labarin yana birnin Detroit, inda kamfanin Henry Ford ya fitar da mota samfurin Model T a 1908. A 1913 ya soma haɗa ta a kan layi mai tafiya, kowane ma'aikaci da aikinsa guda, sai farashi ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. Injinta silinda huɗu ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 20 ba, amma ba ta da nauyi, kuma cikinta ya yi nesa da ƙasa.

Waɗannan siffofi su ne suka buɗe mata ƙofa a Afirka ta Yamma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga neman abin da zai kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa tasha. Hanyoyin lokacin na jar ƙasa ne, gadojinsu na itace. Manyan motocin Ingila sukan kafe a yashi ko su farfasa hanya, ita kuwa Ford sai ta wuce, in ta maƙale mutane kaɗan su ture ta. Sarakuna ma sun karɓi sabon abin hawa da wuri. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin na farko da suka mallaki mota.

Gari irin Keffi ya fi kowa sanin darajar wannan sauyi. Layin dogo na gabas, wanda aka kammala a 1927, ya bi ta Lafiya da Gudi ya nufi Kafanchan, bai taɓa Keffi ba. Saboda haka duk buhun da zai hau jirgi sai ya bi hanya tukuna, da farko a kan jakai da kawunan 'yan dako, daga baya a motocin bodin katako.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hanyoyin Nijeriya da Amurka suka rabu. A Nijeriya dala ta yi wuya a ƙarƙashin tsarin kuɗin Ingila, sai Bedford da Austin da Morris suka cika tashoshi. A Amurka kuwa fetur ya yi arha, tituna suka yi faɗi, motoci suka ƙara tsawo da ƙarfi: Chevrolet Bel Air ta 1957, Cadillac ta 1959 mai fikafikai a baya, Ford Mustang ta 1964. Manyan motocin wancan zamani sun iso Nijeriya jefi-jefi, a hannun 'yan siyasa da attajirai, amma ba su zama na kowa ba: suna shan mai, kuma kayan gyaransu sai an yi odar su daga ƙetare.

Wadda ta gaji matsayin Ford ita ce Peugeot ta Faransa, wadda jama'a ke kira Fijo. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta masu magana da Faransanci. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, a shekarun da aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Fijo 504 ta zama motar gwamnati da ta haya, 404 ta zama a-kori-kurar 'yan kasuwa. Sirrinta ɗaya ne da na Ford: bakanike a ƙarƙashin bishiya yana iya sauke injinta ya mayar, kuma kayanta suna nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma ga gwanjo, da farko daga Turai, shi ya sa har yau ake cewa 'yar Beljiyam. Sannu a hankali kasuwar Amurka ta karɓe gaba, sai dai da wani sabon salo. Honda ta fara ƙera Accord a jihar Ohio a 1982, Toyota ta fara ƙera Camry a Kentucky a 1988. Waɗannan motoci masu sunan Japan, haihuwar Amurka, su ne dillalai ke saye a gwanjo su sauke a Legas ko Kwatano, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu daga farkon 2017.

Komawar babban birnin ƙasa Abuja a 1991 da ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996 sun mai da hanyar Keffi zuwa Abuja, ta Masaka da Mararaba, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi cunkoso a yankin. Yawancin motocin da ke binta ba Ford ba ne, ba Chevrolet ba ne, amma da dama daga cikinsu titunan Amurka suka fara takawa. Ma'aunin mai saye kuwa bai sauya ba tun zamanin gyaɗa: mota ta jure hanya, ta rage shan mai, kuma a sami kayan gyaranta a kusa.